Ambaliya A Damilu: Abin Da Mai Masaukin Baƙi Na Kusa Da Tafkin Geriyo Ya Kamata Ya Lissafa

Duk ɗan kasuwar da ya gina masaukin baƙi a unguwar Damilu ko Jambutu da ke Jimeta, ya san dalilin da ya sa ya zaɓi wurin. Fili ya fi araha a kan na tsakiyar gari, tashar motar Jambutu na kusa, ga kuma iskar da ke kaɗowa daga tafkin Geriyo da yamma, wadda baƙon da ya sha zafin Yola a watan Maris da Afrilu ba zai raina ba. Sai dai ruwan da ke jawo baƙi a lokacin rani shi ne kuma ke korarsu a ƙarshen damina. Wannan nazari ya shafi yadda mai irin wannan sana'a zai zauna da ruwan ba tare da jarinsa ya narke ba.

Tafkin Geriyo ba ruwa ne mai zaman kansa ba. Yana kwance ne a cikin fadamar kogin Binuwai, kuma ta hanya biyu yake cika: ruwan saman da ke gangarowa daga unguwannin Jimeta, da kuma ruwan kogin da ke tumbatsa ya shigo cikinsa a watannin Agusta da Satumba. Wannan cika ita ce arzikin masunta da manoman rani da ke aiki a filayen ban ruwa na Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda hedkwatarta ke Yola. Ga mai masauki kuwa, ma'anarta ita ce a daidai lokacin da ya fi bukatar magudanan unguwa su kwashe ruwa daga harabarsa, wurin da za su zubar da shi ya riga ya cika.

Ambaliya Iri Biyu

Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗauka cewa ambaliya duk ɗaya ce. Iri biyu ce, kuma kowace da shirin da take bukata.

Ta farko ita ce ta kogi. Tana zuwa a hankali, taku bayan taku, takan ba da kwanaki a ga tahowarta, amma idan ta zauna takan yi makonni ba ta janye ba. Irinta ce aka gani a 2012, lokacin da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, ta ce mutum 363 sun rasu a faɗin ƙasar, sama da miliyan 2 suka rasa matsuguni, aka kuma ƙiyasta asarar a kan Naira tiriliyan 2.6. Ta sake dawowa a 2022, inda waɗanda suka rasu suka haura 600. A duka shekarun biyu, jihar Adamawa na cikin waɗanda ruwan ya fara isa gare su, domin ta nan kogin ke shigowa Nijeriya.

A bakin jama'a, laifin duka na madatsar ruwan Lagdo ne, wadda ƙasar Kamaru ta gina a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982 don samar da wutar lantarki da noman rani a arewacinta. Gaskiya ne cewa idan madatsar ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan Jimeta yake nufa. Gaskiya ne kuma cewa madatsar Dasin Hausa, wadda aka daɗe ana maganar ginawa a yankin Fufore domin ta tare wannan ruwa, shekaru sun shuɗe tana kan takarda. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Kogin Mayo Kebbi da kogin Faro duk suna haɗuwa da Binuwai ne a ƙasan madatsar, kafin ruwan ya iso Yola, kuma Lagdo ba ta da iko a kansu. Saboda haka kogin na iya hauhawa ko da ba a buɗe ƙofa ko ɗaya ba. Mai masaukin da ya jingina shirinsa kacokan a kan jiran sanarwa daga Kamaru, rabin haɗarin kawai ya tsare.

Duk da haka, sanarwar na da amfani. A watan Agusta na 2023 hukumomin Kamaru sun rubuto wa gwamnatin tarayya kafin su saki ruwa. A 2024 ma Hukumar Kula da Yanayin Ruwaye ta Ƙasa, wato NIHSA, ta sanar cewa za a fara saki daga ranar 17 ga Satumba, a kan kubik mita 100 a kowace daƙiƙa, a ƙara sannu a hankali har zuwa 1,000. Hukumar kan kuma fitar da hasashen ambaliya na shekara kafin damina ta kankama, inda take jera ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, ita kuma Hukumar Hasashen Yanayi, NiMet, na fitar da nata na ruwan sama. Waɗannan bayanai kyauta ne, kuma abin mamaki shi ne ɗan kasuwar da ba ya kwana bai san farashin dizal ba, sau da yawa bai taɓa neman su ba.

Ta biyu ita ce ambaliyar ruwan sama, wadda ba ta sallama. A daren wayewar Lahadi 27 ga Yuli 2025, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya mamaye unguwanni a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, irin su Shagari da Yolde Pate da Sabon Pegi, mutum sama da 20 suka rasu, galibin jama'a suna barci lokacin da ruwan ya shigo. Ba a Damilu abin ya faru ba, amma darasinsa ya shafi duk wanda ke kwana da mutane a ƙarƙashin rufinsa. Baƙo bai san unguwa ba, bai san inda tudu yake ba, bai san wace ƙofa ce ke kaiwa waje ba idan wuta ta ɗauke. Amanarsa na wuyan mai gida.

Nawa Ne Kuɗin Ruwa?

Tunda aka yi babbar ambaliya a 2012 aka sake a 2022, wasu sun yanke cewa abin na zuwa ne bayan kowace shekara goma, don haka sai 2032 za a sake damuwa. Wannan lissafi ba daidai ba ne. Idan aka ce ambaliya ta "sau ɗaya a shekara goma" ce, abin nufi shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 10 cikin ɗari ta auku, ko an yi bara ko ba a yi ba. Idan aka tara wannan yiwuwa, cikin shekara 5 ta kai kashi 41 cikin ɗari, cikin shekara 10 kuwa kashi 65. Wanda ya ci bashin banki na shekara 5 ya gina ɗakuna a gangaren tafki, kusan kamar ya jefa kwabo ne sama a kan ko ruwa zai same shi kafin ya gama biya.

A ɗauki misali, ba na wani masauki takamaimai ba, sai don a ga yadda lissafin ke tafiya. Masauki mai ɗaki 20, kuɗin kwana Naira 15,000, a kan samu rabin ɗakunan da baƙi a kowane dare. Cinikin yini Naira 150,000 ke nan, na wata kuma miliyan 4.5. Ruwa ya shiga, an rufe wata biyu tsakanin jiran janyewarsa da gyara: an rasa cinikin miliyan 9. A cire kashi ɗaya cikin uku na abin da da ma za a kashe a kan dizal da wanki da sabulu, saura miliyan 6. A ce ɓarnar da aka yi wa katifu da gadaje da ƙofofi da janareto da wayoyin wuta da fenti ta kai miliyan 12. Jimla miliyan 18. Idan sau ɗaya ne a shekara goma, kowace shekara tana ɗauke da nauyin miliyan 1.8, wato Naira 150,000 a wata.

Adadin nan ya yi daidai da cinikin yini guda. Ma'ana, a cikin kowane wata, kwana ɗaya ba na mai masauki ba ne, na ruwa ne. Idan aka raba shi a kan kowane ɗakin da aka kama, bai wuce kusan Naira 500 a dare ba. Wanda ya sa wannan a cikin farashinsa, ya ware shi a wani asusu dabam da ba a taɓawa don biki ko sayen mota, ranar da ruwa ya zo zai yi gyara da kuɗinsa. Wanda bai ware ba, ya daɗe yana cin uwar kuɗi yana kiranta riba.

Lissafin yana da wani amfani. Shi ne ma'aunin da za a auna kowane aikin kariya da shi. Idan ɗaga janareto da allon wuta zai ci Naira miliyan 1 ya kuma hana asarar miliyan 4, babu sauran shawara. Idan kuwa katangar da za ta kewaye harabar za ta ci fiye da darajar ɗakunan da take karewa, gara a bar ruwa ya shiga, a dai tabbatar bai tarar da abin ɓatawa ba. Sai dai dole a riƙa sabunta adadin, domin tun da aka sake wa Naira mara a watan Yuni na 2023, farashin janareto da na'urar sanyaya ɗaki da duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya canza ƙwarai.

Ginin Kansa

Kafin a kira injiniya, a fara tambayar tsofaffin unguwa da masuntan Geriyo inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022. Sau da yawa shaidar na nan a jikin tsohuwar katanga ko gindin bishiya. A ja layi a bangon masauki daidai wannan tsayi, a ƙara kamar rabin mita a kai. Duk abin da ke ƙasa da layin, a ɗauka cewa wata rana zai jiƙe.

Abin da ya fi tsada a ƙasan layin, a mafi yawan masaukai, shi ne janareto, wanda aka saba ajiyewa a bayan gida a ƙasa, inda ya fi gangare, don ƙararsa kada ta dami baƙi. A gina masa dakali. Haka mita da allon rarraba wuta da baturan hasken rana da injin jan ruwa. Soket ɗin ɗakunan ƙasa a mayar da su sama, a kuma raba layin wutar ƙasa da na bene, ta yadda za a iya kashe ɗaya a bar ɗaya. Tayil ya fi kafet, gadon ƙarfe ko na katako mai ƙwari ya fi wanda aka haɗa da garin katako da gam, wanda kwana ɗaya cikin ruwa ya ishe shi ya kumbura ya ruguje. Katifar soso idan ta sha ruwan ambaliya ta gama aiki, ko da an shanya ta ta bushe, domin warin da ƙazantar na ciki.

Akwai wata hanyar da ruwa ke shigowa wadda buhunan yashi ba sa tarewa. Idan ƙasa ta ƙoshi, sokawe kan cika ya mayar da abin da ke cikinsa ta cikin masai da magudanar banɗaki. Masaukin da ruwa bai tsallake dokin ƙofarsa ba na iya rufewa saboda wannan kaɗai. Maganinsa shi ne a kwashe ramin kafin Agusta, a ɗaga bakinsa, a kuma sa wa bututun murfin da ke barin ruwa ya fita amma ba ya barinsa ya dawo. Bakin rijiyar burtsatse ma a ɗaga shi a rufe shi da siminti.

Game da cike fili da jar ƙasa don a ɗaga harabar, dabara ce da ta zama ruwan dare, kuma tana aiki ga wanda ya yi. Amma ruwan da aka kora ba ɓacewa yake yi ba, gidan maƙwabci yake komawa. Mai masauki yana zaune ne da mutuncinsa a unguwa, ma'aikatansa ma daga nan suke. Ya fi masa riba ya haɗa kai da mai unguwa da maƙwabta a yashe lambatu da kwalbatoci a watan Mayu, a hana zuba shara a ciki, a kuma guji toshe hanyar da ruwa ya saba bi da sabon gini. Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa ba tare da izinin hukumar tsara birane ba, bayan haɗarin ambaliya yana kuma fuskantar na rusau.

Inshora, Da Abin Da Ba Ta Biya

Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 65, ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke amfani da su inshora a kan rushewa da gobara da guguwa da ambaliya, kuma gidajen da ake saukar baƙi na ciki. A 2025 an maye gurbinta da sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ita ma ba ta ɗauke wannan wajibci ba. Abin lura shi ne wannan inshora ta tilas an yi ta ne musamman don ta biya diyyar baƙo ko mai wucewa da abin ya shafa. Don kare ginin da kayan ciki, sai an sayi inshorar gobara da aka faɗaɗa ta ta haɗa da ambaliya, a kuma ga kalmar a rubuce cikin takardar. Don kare cinikin watannin da aka rufe, wannan ma wata ce dabam, kuma galibi ba ta biya sai idan ruwa ya yi wa ginin kansa ɓarna. Masaukin da ya tsira a bushe amma ruwa ya yanke hanyar zuwa gare shi zai yi asarar baƙi ba tare da ya samu ko kwabo ba, sai idan tun farko an ƙara sharaɗin da ya shafi toshewar hanya.

Tarkon da ya fi kama 'yan kasuwa shi ne rage darajar gini don a rage kuɗin da ake biya. Idan sake gina masauki zai ci Naira miliyan 100 amma aka yi masa inshorar miliyan 50, to a idon kamfani mai shi ya ɗauki rabin haɗarin da kansa. Ɓarnar miliyan 12 za a biya shi miliyan 6 ne kawai. Hauhawar farashi na jefa mutum cikin wannan tarko ko da bai yi niyya ba, idan ya bar adadin shekarun baya bai sabunta ba. Ƙa'ida ce kuma cewa wanda bai biya kuɗin shekara ba, ba shi da kariya, kuma babu kamfanin da zai karɓi sabon mai nema bayan an riga an sanar da tahowar ruwa. Ga waɗanda ke da ƙyamar inshora ta fuskar addini, akwai tsarin takaful, wanda Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisin gudanar da shi.

Ko da wane tsari aka bi, hujja ce ke kawo biya. A ɗauki hoton kowane ɗaki da kayan cikinsa tun ana bushe, a adana rasiɗai da takardar mallakar fili da littafin ciniki a bene ko a wani gida, a ajiye kwafinsu a waya. Bayan ruwa, a sanar da kamfani nan take, kuma kada a zubar da lalatattun kaya kafin jami'in kimanta asara ya gani.

Ranar Da Ruwa Ya Zo

Shawarar rufe ɗakunan ƙasa ba a tsakiyar dare ake yanke ta ba. Tun da rana tsaka a kafa alama, ko sanda ce aka dasa a gangaren da ke fuskantar tafki, a yi mata zane biyu. Ruwa ya kai zanen farko, a daina karɓar baƙi a ƙasa, a hau da katifu da talabijin da firji. Ya kai na biyu, a kashe wuta daga tushe, a fitar da kowa, a kwashe motocin baƙi zuwa tudu. Manaja da maigadi su kasance da ikon zartar da wannan ko mai gida yana Abuja. Littafin rajistar baƙi shi ne zai nuna ko an bar wani a ɗaki, don haka ya zama a hannun wanda ke aikin dare, tare da tocila da lambobin Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Adamawa da na wani mai kwalekwale da aka sani. Yarjejeniya da wani otal da ke kan tudu, cewa zai karɓi baƙin a kan farashin da aka amince tun farko, ba ta cin komai sai ziyara ɗaya.

Wanda ya biya kuɗin kwana uku aka tashe shi a na farko, a mayar masa da ragowar ba tare da jayayya ba. Baƙin Yola, ma'aikatan gwamnati ne, da jami'an ƙungiyoyin agaji, da iyayen ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, da fataken da ke bin hanyar Mubi da Kamaru. Mutane ne masu dawowa, masu kuma ba wa juna labari. Haka nan wanda masaukinsa ya tsira, ya ga jama'a na neman ɗaki ido rufe, ya ninka farashi, ribar mako biyu zai ci, sunan kuma ya bi shi shekaru.

Ma'aikata ma jari ne. Mai dafa abinci ko mai karɓar baƙi da aka sallama ranar da aka rufe, ba lallai a same shi ranar buɗewa ba, kuma mai yiwuwa nasa gidan ma yana cikin ruwa. Rabin albashi tare da aikin share-share da gyara ya fi arha a kan horar da sabo. Banki kuwa a je masa tun makon farko da hotuna da lissafi a nemi a ɗage lokacin biya, kada a jira sai wata ya ƙare an kasa.

Gaggawar buɗewa ita ce jarrabawa ta ƙarshe. Bangon bulo da ya sha ruwa yana bukatar makonni kafin ya bushe, fentin da aka shafa masa da wuri zai kumbura ya zube, a sake biya. Kada a mayar da wuta sai ƙwararren mai gyara ya duba kowane layi. Injin ban ruwa na manoman Geriyo, wanda ke zaune ba aiki a wannan lokaci na shekara, ana iya hayarsa a zuƙe ruwan da ya kwanta a haraba. Rijiya da tankuna kuwa sai an zuƙe su, an wanke da sinadarin kulorin, an kai ruwan gwaji, domin amai da gudawa kan biyo bayan ambaliya, kuma baƙo ɗaya da ya kamu a masauki ya isa ya sa jami'an lafiya su rufe shi a daidai lokacin da bukukuwan Disamba ke ƙaratowa.